Hattara Da Sodar Haɗa Sabulu A Cikin Gida

 Darasinmu na wannan fitowa a kan soda ne, wato farin sinadarin nan mai kama da sukari ko ɓarzajjen alif, wanda ake haɗa sabulu da shi. Na zaɓi in yi magana a kansa ne saboda yadda sana'ar haɗa sabulun ruwa da na wanki ta yaɗu a tsakanin matan aure a garuruwanmu na gabas, irin su Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukan da ke kewaye da su. Maza suna fadamar Rima wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa, mata kuwa suna cikin gida suna neman na kansu. Da can ƙuli-ƙuli ne da man gyaɗa da saƙa, yanzu an ƙara da sabulu da shamfo da man shafawa. Sana'a ce mai kyau, tana rufa asiri, kuma ba na cikin masu cewa a daina. Abin da ya dame ni shi ne, an koya wa mata awon kayan haɗi har gwangwani-gwangwani, amma ba kowa aka gaya wa irin abin da ya shigo ɗakinta ba.

Kafin in koma ɓangaren haihuwa na yi aiki a ɗakin kwanciyar yara. A nan ne aka kawo mana wani yaro ɗan shekara biyu da rabi daga wani ƙauye na ƙasar Goronyo. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, uwarsa tana riƙe da wani ɗan gwangwani tana tara masa miyau, domin ko miyan bakinsa ba ya iya haɗiyewa. Da na tambaye ta mafarin ciwon, sai ta ce beli ne, an ma kai shi wurin wanzami an cire amma bai ji sauƙi ba. Sai da muka zauna da ita da dare, ɗaki ya yi tsit, sannan ta tuna. Wata biyu da suka wuce ta jiƙa soda a cikin gorar ruwan sha ta roba, ta ajiye a gindin randa da nufin washegari ta haɗa sabulu. Yaro ya tashi daga barcin rana da ƙishirwa, ya ɗauka ya kurɓa. Ya fasa kuka, kakarsa ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, aka ɗura masa manja. Bakinsa ya yi ƙuraje, bayan kamar kwana goma ya warke, ya ci gaba da cin abincinsa. "Malama, ai wannan ya wuce tun tuni," in ji ta, "har tuwo ya ci bayan nan." Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa kurɓi guda na wancan lokaci shi ne ya hana ɗanta haɗiyar miyau ba.

Mece ce soda?

Da farko a bambanta ta da sauran abubuwan da ake kira da irin sunanta. Akwai sodar da ake sa wa kek da cincin, wannan ta abinci ce. Akwai kuma wata farar hoda da masu sabulun ruwa ke kira soda ash, ita ma tana ƙaiƙayin fata da ido amma ba ta kai wadda muke magana a kai ba. Tamu ita ce kostik soda. A jikin buhunta na asali, mai nauyin kilo 25, za a ga an rubuta Caustic Soda ko NaOH, da hoton ruwa yana ɗiga a kan hannu yana cinye shi. A masana'anta ake yin ta, ta hanyar ratsa wutar lantarki a cikin ruwan gishiri, kuma manyan kamfanoni ne asalin masu amfani da ita, wajen yin takarda da sabulu da sarrafa yadi da alminiyam. Marina ma suna sa ta a rini. A can ma'aikaci ba ya kusantarta sai da safar hannu da tabarau da takalmin roba, ga famfo a kusa don ko ta kwana. Wannan abu ne ake ƙullawa a leda ana sayarwa a kasuwa, ana aiken yara su sayo.

Wasu mata sukan ce mini ai 'yar'uwar kanwa ce, ko kuma ai kakanninmu sun yi sabulun salo da ruwan toka ba abin da ya same su. Gaskiya ne dangi ɗaya ne, duk suna cikin sinadaran da ke kashe tsami. Sai dai ƙarfin ba ɗaya ba ne ko kusa. Kanwa ana sa ta a miya da kunu, soda kuwa ƙwaya ɗaya idan ta zauna a kan leɓe mai danshi sai ta huda shi.

Tana da halaye guda uku da ya kamata mai aiki da ita ta sani. Tana zuƙar danshi daga iska, saboda haka idan aka bar ledar a buɗe sai ta narke ta zama wani ruwa mai kauri da ke malala a ƙasa inda yaro ke rarrafe. Idan ta haɗu da ruwa tana fitar da zafi mai tsanani, har ruwan yakan kusa tafasa ba tare da an hura wuta ba. Sannan tana cin alminiyam. Idan aka jiƙa ta a kwanon silba ko tukunyar alminiyam irin wadda maƙera ke zubawa, sai ta riƙa cin ƙarfen tana fitar da wata iska mai kama wuta. Amma mafi muni a wurin yaro shi ne, idan ta narke ta lafa, ba ta da launi, ba ta da wari. Fetur da kananzir da fiya-fiya duk suna da warin da zai sa a ja baya. Ruwan soda kuwa garau yake kamar na rijiya.

Abin da take yi wa jiki

Duk wadda ta taɓa haɗa sabulu ta ga yadda soda ke juya manja ko man gyaɗa ya zama sabulu. To, jikin ɗan Adam ma akwai kitse da tsoka, kuma abin da take yi wa man da ke cikin bokiti shi take yi wa naman mutum. Santsin nan da ake ji a yatsu idan ruwan soda ya taɓa su, fatar ce ta fara narkewa. Ruwan batir, wanda yake asid ne, idan ya ƙone wuri yakan yi ɓawo mai tauri da ke ɗan rage masa shiga ciki. Soda ba ta yin ɓawo. Narkar da nama take yi tana nutsawa, kuma tana ci gaba da aiki muddin ba a wanke ta ba.

Idan aka haɗiye ta, inda ta fi yi wa ɓarna shi ne hanyar abinci, wato bututun da ya taso daga maƙogwaro ya ratsa ƙirji ya sauka a tumbi. A wurin ƙaramin yaro wannan bututu siriri ne ƙwarai. Ƙunar tana faruwa ne cikin daƙiƙoƙi, kafin uwa ta taso daga madafa an riga an yi ta. A ranakun farko wurin yakan kumbura, yaro ya riƙa dalalar da miyau, ya ƙi nono da abinci, ya yi ta kuka. Idan kumburin ya kai ga hanyar numfashi sai murya ta dushe, numfashi ya riƙa ƙara, wannan kuwa yana iya kisa a ranar. Idan ƙunar ta yi zurfi tana iya huda bututun ko tumbin, abin da ke ciki ya tsiyaya cikin ƙirji ko ciki, sai zazzaɓi mai zafi da ciwon ƙirji da taurin ciki.

Yaron da ya tsallake wannan mataki shi ne yake shiga lokacin da ke yaudarar iyaye. Kumburi ya saɓe, baki ya warke, yaro ya koma wasa da cin abinci. Amma a can ciki gyambon yana warkewa ne da tabo, kuma kowa ya san yadda tabon ƙuna yake tattare fata ya ja ta. Tabon da ya zagaye cikin bututu idan ya tattare sai ya tsuke hanyar. Wannan yakan fara bayyana daga mako na uku zuwa wata biyu, wani lokaci ma fiye. Da farko yaro zai ƙi nama da tuwo, ko ya ci ya dawo da shi yadda ya haɗiya. Sai a koma ba shi kunu da fura. Bayan 'yan makonni su ma su gagara, sai ruwa. Daga ƙarshe har miyau. Ga abinci a gabansa, ga yunwa tana cinsa, amma ba hanya. A wannan lokaci ne ake cewa beli ne, ko haƙori, ko iska, ko sammu, domin kowa ya manta da gorar da aka sha wata biyu baya.

Wani abu da nake so a riƙe da kyau: lafiyar baki ba ta nuna lafiyar ciki. Akan sami yaron da leɓensa da harshensa ba ko ƙurji, amma hanyar abincinsa ta ƙone, domin ruwan ya wuce da sauri. Don haka kada wani ya buɗe bakin yaro da tocila ya ce ba komai a koma gida, ko da mai kyamis ne, ko ma'aikacin lafiya irina.

Idan yaro ya sha

Kada a sa shi amai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma na san da kyakkyawar niyya ake yin sa, domin hankali yana ba mutum cewa guba a fitar da ita. Amma soda ta ƙone hanya sau ɗaya da za ta sauka, idan aka dawo da ita za ta sake ƙone ta karo na biyu, kuma tana iya faɗawa huhu. Kada a sa yatsa, kada a ba da ruwan gishiri.

Kada a ɗura manja ko man shanu ko man gyaɗa ko ɗanyen ƙwai. Ba sa kashe ƙarfin soda, suna tayar da zuciya a yi amai, yaron da ke kuka yana iya shaƙe su su shiga huhu, sannan suna lulluɓe wurin yadda likita ba zai ga ƙunar da kyau ba. Haka nan madara da nono, waɗanda mutanenmu suka ɗauka maganin kowace guba ne, cika cikin yaro da su amai yake jawowa.

Kada a ba da lemun tsami ko ruwan tsamiya ko wani abu mai tsami da nufin karya ta. Masu ɗan ilimin kimiyya su suka fi faɗawa wannan, domin sun karanta cewa tsami yana kashe kanwa. Haka ne a cikin kwalbar gwaji, amma haɗuwar tasu zafi take fitarwa, sai a ƙara ƙunar wuta a kan ƙunar soda. Gawayi ma ba ya kama soda. Jiƙe-jiƙe da rubutu a dakata da su tukuna, duk abin da zai bi ta maƙogwaro a jira sai likita ya gani.

Abin da za a yi kaɗan ne. A ɗauke gorar daga hannunsa. Idan akwai ƙwayoyin soda a bakinsa a share su da tsumma mai tsabta. A wanke leɓe da fuska da haɓa da ƙirji da hannuwa da ruwa mai yawa, a cire rigar da ta jiƙe. Idan babba ne ya kurkure baki ya tofar sau da yawa. A riƙe yaro a zaune ko a kafaɗa, idan amai ya zo da kansa a karkata shi gefe. Sannan a kama hanya nan take, a tafi da gorar ko ledar don ma'aikata su ga abin da aka sha, a kuma lura da lokacin da abin ya faru.

A fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Wurno ko na Rabah ko na Goronyo, domin a duba numfashi, a sa ƙarin ruwa, a ba da maganin zafi ta jijiya. Daga nan a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro da na tiyatar yara. Dalilin gaggawar shi ne, akwai siririn bututu mai fitila da likita ke zurawa ya ga iyakar ƙunar da idonsa, kuma lokacin da ya fi dacewa da wannan dubawa shi ne cikin sa'o'i 24 na farko. Idan aka yi kwanaki, naman wurin yakan yi laushi ya ruɓe, zura wani abu a lokacin yana iya huda shi. Abin da aka gani a ranar farko shi ke nuna wanda za a sallama ya ci abinci, da wanda za a riƙe.

Na san halin da hanyoyinmu suke ciki. Tun wajen 2018 matsalar tsaro ta sa tafiyar dare ta zama abin tsoro a sassa da dama na Rabah da Goronyo, ga kuɗin mota, ga maigida wataƙila yana fadama ko ya tafi cin rani. Wannan ma dalili ne da zai sa a yi aikin soda da safe, a ranar da akwai babba a gida. Ina kuma roƙon magidanta su bar izini tun kafin su fita, cewa idan irin wannan ta faru a wuce asibiti ba sai an jira dawowarsu ba.

Ido da fata

Uwar gida ita ta fi shiga wannan haɗari, lokacin juyawa da zubawa. Ɗigo ɗaya na ruwan soda a ido yana iya makantar da shi, domin yana ratsa baƙin ido cikin 'yan mintoci. A nan ba a fara neman mota, ruwa ake fara nema. A ɗauki butar alwala a cika da ruwa mai tsabta, mutum ya kwanta ko ya karkata kai ta gefen idon da abin ya shafa, wani ya buɗe masa fatar idon da yatsu ko da yana ƙi, a riƙa tsiyaya ruwa daga gefen hanci yana gangarawa waje don kada ya shiga ɗaya idon. A ce masa ya riƙa juya ƙwayar idon sama da ƙasa. A yi haka aƙalla minti 30 da agogo, buta tana ƙarewa ana cikawa. Minti 30 yana da tsawo, yawancin mutane minti biyu suke yi su ce ya isa. Ruwan randa ya yi, fiya wata ya yi, ba sai an tsaya neman wani ruwa na musamman ba. Bayan nan a tafi asibiti, a ci gaba da zubawa a cikin mota. Kada a sa kwalli, kada a ɗiga nonon uwa ko zuma ko maganin ciwon idon da ya rage a gida, kada a murza.

Idan a fata ne, busasshiyar soda a fara kakkaɓe ta da tsumma kafin a sa ruwa. A tuɓe zane ko rigar da ta jiƙe, a cire zobe da awarwaro, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, har santsin ya ɗauke gaba ɗaya. Ƙunar soda sau da yawa ba ta zafi da farko, sai bayan an jima, don haka kada a jira jin raɗaɗi. Man goge baki da ƙwai da man shanu da bakin mai da ake shafa wa ƙuna duk a bar su. A rufe da tsumma mai tsabta. Idan wurin ya kai faɗin tafin hannu, ko ya yi fari ko baƙi, ko a fuska yake ko yatsu ko al'aura, asibiti za a je. Wannan taimako ɗaya ne da na ruwan batirin mota ko na sola, da asid ɗin da ake sa wa sabulun ruwa mai suna salfonik.

Ranar haɗi

Yawancin masu koyarwa suna cewa a jiƙa soda ta kwana, wasu ma kwana biyu, kafin a yi amfani da ita. A ganina wannan kwanan shi ne ramin da yaranmu ke faɗawa. Lokacin haɗi uwa tana tsaye a kan kayanta, amma tsakanin jiƙawa da haɗawa ruwan yana zaune shi kaɗai, ita tana can tana tuƙa tuwo ko ta shiga maƙwabta barka. A watannin bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, yaro duk abin da ya gani mai kama da ruwa kai wa baki zai yi.

Saboda haka mazubin soda ya zama nata ita kaɗai: bokitin roba mai kauri mai murfi, ko jarka mai murfin murɗawa, a shafa masa jan fenti ko a ɗaura jan ƙyalle, kowa a gidan ya san ma'anarsa, har kishiya da 'yar aiki da almajirin gida. Kada a taɓa zuba ta a gorar ruwa ko kwalbar lemo ko kofi ko moɗa ko kwanon sha, ko da na minti ɗaya ne. A sa a ɗakin da ake kullewa da kwaɗo. Ƙarƙashin gado da bayan ƙyaure da gindin randa ba maɓoya ba ne, nan ne ma yaro mai rarrafe ya fi zuwa. Wadda ba ta da ɗakin kullewa ta sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo ta sa jarkar a ciki, ko ta sayi daidai abin da za ta haɗa a ranar kada ya yi saura.

Wajen jiƙawa, ruwa ake fara zubawa a bokiti, ruwan sanyi, sannan a riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan ana juyawa da doguwar muciya. Idan aka zuba ruwa a kan tulin soda yakan tafasa nan take ya yi tsartuwa a fuska. A yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, a kau da fuska daga tururin, domin yana shaƙe maƙogwaro. A sa safar hannu ta roba mai tsawo, da tabarau mai rufe gefe, da takalmi rufaffe. Leda da ake ɗaurawa a hannu ba ta wadatar ba, tana yagewa ruwan ya taru a ciki. A ɗaure mayafi ko hijabi kada ya faɗa bokiti. A ajiye cikakken bokitin ruwa da buta a gefe tun kafin a buɗe ledar. Muciya da bokiti da gwangwanin awo kada su koma madafa har abada. Ruwan da aka ɗauraye kaya da shi a ƙara masa ruwa mai yawa a zuba a masai, kada a watsa a tsakar gida inda yara da kaji da awaki ke yawo.

A matsayina na ungozoma ina da ƙarin magana ga masu ciki da masu jego. Ba a haɗa sabulu da goyo a baya, domin idan kika sunkuya fuskar jariri tana kan tururin, hannunsa kuma yana iya kaiwa. A ba wani riƙonsa a wani ɗaki. Mai tsohon ciki gara ta bar wa wata ɗaukar bokiti da juyawa, santsi kaɗan zai kayar da ita da ruwan a jikinta. Mai shayarwa ta wanke hannu sosai ta sauya riga kafin ta ba da nono. Sabulun da aka haɗa ba tare da dafawa ba yana buƙatar ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin sodar cikinsa ta gama mutuwa, kuma ko ya kai, sabulun soda na wanki ne. Na sha ganin jarirai da fatarsu ta yi ja ta saɓule a wuya da matsematsi saboda an yi musu wanka da shi.

Masu sayarwa da masu koyarwa

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka, shekaru ɗari da suka wuce, mata suna haɗa sabulu a gida kamar yadda muke yi, yara kuma suna ƙonewa kamar namu. Wani likitan maƙogwaro a birnin Filadelfiya mai suna Chevalier Jackson ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan yaran da hanyar abincinsu ta tsuke yana kai wa 'yan majalisa, har a 1927 aka yi dokar da ta tilasta rubuta kalmar guba a jikin kowane gwangwanin soda. A 1970 suka ƙara da dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa. A nan Afirka ta Yamma kuwa, a ƙasar Saliyo, asibitin da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Goderich kusa da Firitawun a 2001, sai da ya ware shiri na musamman don buɗa hanyar abincin yaran da suka sha soda, saboda yawansu.

A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan shigo da irin waɗannan sinadarai, kuma buhu yana zuwa da gargaɗinsa. Amma da zarar an farke shi a shago a Sakkwato an ƙulla a farar leda, aka kai kasuwar Achida ko ta Goronyo, gargaɗin ya tsaya a jikin buhu. Ina kira ga 'yan kasuwa su riƙa ninka leda, su sa alamar ja, kada su jera ta kusa da sukari da gishiri, kuma kada su miƙa wa ƙaramin yaro ko da da kuɗinsa ya zo. Masu koyar da sana'a a cibiyoyin mata da ƙungiyoyi su ma su ware rana guda cur a kan ajiya da taimakon gaggawa, su sa safar hannu da tabarau cikin kayan da ake raba wa ɗalibai ranar yaye.

Bayan an sallamo ku

Wanda aka kwantar saboda shan soda, sallama ba ita ce ƙarshen jinya ba. A kiyaye ranar komawa ko da yaro yana cin komai. A riƙa lura da yadda yake haɗiya har tsawon watanni: yana daɗewa a kan loma? Yana neman ruwa bayan kowace loma? Yana dawo da abinci ba tare da yunƙurin amai ba? Yana tari idan yana sha? A kai shi awon nauyi duk wata a asibitin da ke kusa, a rubuta a katinsa. Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan a dawo, kada a jira sai ruwa ya gagara, domin hanyar da ta fara tsukewa ta fi sauƙin buɗawa a kan wadda ta toshe.

Buɗawar ana yin ta ne a ɗakin tiyata bayan an sa yaro barci, a zura wasu sanduna masu laushi daga siriri zuwa mai kauri, ko wata 'yar balan-balan da ake hurawa a wurin da ya tsuke. Ba a yin ta sau ɗaya a gama, akan maimaita sau da yawa, wani har shekara ko fiye. Idan hanya ta toshe sarai akan huda ciki a sa robar da za a riƙa ɗura kunu da madara kai tsaye cikin tumbi har yaro ya yi ƙarfi. Wanda buɗawa ta gagara, sai babbar tiyata, a yanko wani sashe na hanjinsa a yi masa sabuwar hanya. Kuma wanda ya taɓa irin wannan ƙuna ya riƙa gaya wa duk likitan da zai gani ko bayan ya girma, domin tsohon tabon yana ƙara haɗarin ciwon daji a wurin bayan shekaru masu yawa.

Yaron nan na ƙasar Goronyo robar ciki aka fara sa masa. Na koya wa uwarsa yadda za ta tace kunun gyaɗa ta ɗura da sirinji, da yadda za ta wanke bakin robar da tafasasshen ruwan da ya huce. Mahaifinsa ya sayar da albasar da ya adana da bijimin nomansa guda. Lokacin da aka mayar da ni ɗakin haihuwa an yi masa buɗawa sau biyar, ya fara haɗiyar koko mai ruwa-ruwa, kuma an ba su wata ranar su dawo bayan mako uku.